Yadda Ƙurar Iska Take Cutar da Huhun Ɗan Adam

Greensboro birni ne a jihar Karolina ta Arewa, a kudu maso gabashin Amurka. Bisa ƙidayar 2020 mutanensa sun kusa 300,000, kuma a cikinsu akwai 'yan Nijar da dama, masu jin Hausa da Zabarmanci, waɗanda neman ilmi ko sana'a ya kai su can. Ɗaya daga cikin manyan titunan birnin shi ne Wendover Avenue, wanda ya ratsa gari daga gabas zuwa yamma, sa'an nan ya karkata ya nufi garin High Point. A daidai inda ya haɗu da babbar hanya mai lamba 40 an jera manyan kantuna da gidajen abinci da wuraren sayar da motoci, saboda haka tun daga asuba har tsakar dare ba a rasa mota a kansa.

Wanda ya saba da hazon Kano ko na Maraɗi, in ya tsaya a bakin wannan titi, zai ce iskar wurin garau take, don ba zai ga ƙura tana tashi ba, ba zai ga baƙin hayaƙi ba. Amma duk da haka, a 2005 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta sa gundumar Guilford, inda Greensboro yake, cikin jerin wuraren da iskarsu ba ta cika sharuɗɗan lafiya ba. Dalili shi ne yawan wata irin ƙura wadda ido ba ya iya gani. Hausawa sukan ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan ƙura ta fi haki ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba a ido take tsayawa ba, can cikin huhu take sauka.

Ƙura iri-iri ce

A bakin babban titi ƙura tana fitowa daga wurare da yawa. Akwai wadda ke fita daga salansar mota, musamman motoci masu amfani da man dizal, wanda ake kira gas. Akwai wadda ke kankarewa daga birki da taya duk lokacin da direba ya taka birki. Akwai kuma wadda a cikin iska take haɗuwa, idan tururin da ke fitowa daga injuna da tashoshin lantarki masu ƙona kwal ya gauraya da danshi da wasu sinadarai.

Masana suna rarraba wannan ɓurɓushi bisa girmansa, kuma ma'aunin da suke amfani da shi shi ne maikuromita. Idan aka ɗauki milimita ɗaya, wato tazarar da ke tsakanin ƙananan layuka biyu na rula, aka raba ta gida 1,000, to kashi ɗaya shi ne maikuromita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai maikuromita 50 zuwa 70. Ɓurɓushin da bai wuce maikuromita 10 ba ana kiransa PM10, wanda kuma bai wuce 2.5 ba ana kiransa PM2.5. Sai an jera irin wannan na biyun kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi guda. Har ila yau akwai wanda bai kai maikuromita 0.1 ba, kuma irinsa ne ya fi yawa a hayaƙin da ya fito daga inji yanzu-yanzu.

Ƙwayar toka ta hayaƙin dizal ba abu ɗaya ba ce. Tsakiyarta baƙi ne irin na gawayi, amma a jikinta akwai ragowar man da bai gama ƙonewa ba da ɓurɓushin ƙarafa. Kamar yadda dakakken gishiri ya fi dunƙulalle saurin narkewa a miya, haka ƙura mai laushi ta fi mai gautsi yawan gefen da za ta ɗauki guba a kansa, ta kuma fi ta saurin sakin gubar in ta shiga jiki.

Hanyar iska a cikin huhu

Babban mutum yakan ja numfashi wajen sau 20,000 a yini da kwana, kuma iskar da ke shiga ƙirjinsa a wannan lokaci ta kai lita 10,000. Hanyar da take bi ta yi kama da bishiyar da aka kifa, gindinta a sama, rassanta a ƙasa. Maƙogwaro shi ne gindin. Daga nan ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka har wajen sau 23.

An yi wa wannan hanya shinge iri-iri. Gashin hanci yana tare ƙura mai girma. Bangon hanyar kuma yana lulluɓe da majina, wadda ke kama abin da ya wuce hanci. A ƙarƙashin majinar akwai wasu 'yan gashi-gashi da ba a gani sai da madubin likita, waɗanda ba sa daina kaɗawa, suna tura majinar sama zuwa maƙoshi, inda mutum zai haɗiye ta ko ya tofar da ita kaki. Tari da atishawa su ma taimako ne. Shi ya sa wanda ya yini a kasuwa ranar hazo, in ya fyace majina da yamma sai ya ga ta yi ja ko baƙi. Wannan alama ce cewa shingen ya yi aikinsa.

Amma ƙura mai laushin gaske tana bin iska ta wuce waɗannan shingaye duka, har ta isa ƙarshen rassa. A can akwai wasu 'yan jakunkunan iska, waɗanda yawansu a huhun babban mutum ya kai miliyan 300 zuwa 500. A cikinsu ne iskar oksijin take ratsawa ta shiga jini. Domin ta ratsa da sauƙi, bangon da ya raba iska da jini siriri ne ainun, a wasu wurare bai kai maikuromita ɗaya ba, kuma babu majina mai kauri ko gashi-gashi a kansa. Nan ne wurin da jiki ya fi buɗe wa duniyar waje, nan ne kuma ya fi rauni.

Jikin mutum kuwa an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta masu rai, kamar yadda ake gina gida da tubali. A cikin 'yan jakunkunan nan akwai muhimman ƙwayoyi iri uku. Na farko faifai ne, su ne suka shimfiɗu suka zama bango. Na biyu suna fitar da wani ruwa mai santsi da ke hana jakar mannewa bayan an fitar da numfashi, kuma su ne ke haifar da sababbi idan bangon ya lalace. Na uku ba a kafe suke wuri ɗaya ba, yawo suke yi suna haɗiye duk baƙon abin da ya shigo. Ana iya kiransu 'yan shara.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayoyin

Ɓarnar tana zuwa ne mataki-mataki. Matakin farko ya yi kama da tsatsa. Kowa ya san yadda ƙarfe yake yin tsatsa in ya daɗe a danshi, ko yadda yankakken gauta yake sauya launi in ya sha iska. Ƙarafa da ragowar man da ke jikin ƙura suna haddasa irin wannan aiki a cikin ƙwayar halitta, su haifar da wasu sinadarai masu cin duk abin da suka taɓa: fatar ƙwayar, da sassan da ke sarrafa mata abinci ya zama ƙarfi, har da sinadarin gado da ake kira DNA, inda aka ajiye umurnin yadda za ta rayu ta hayayyafa. Ƙwayoyin suna da nasu maganin wannan tsatsa, amma ba ya da yawa. In ƙura kaɗan ce sukan iya da ita, in ta yi yawa sai maganin ya ƙare.

Mataki na biyu shi ne kururuwa. Ƙwayar da ta ji ciwo tana sakin wasu sinadarai waɗanda aikinsu kiran agaji ne. Nan take fararen ƙwayoyin jini sai su yi dafifi zuwa wurin, jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya taru. Wannan shi ake kira kumburi. Idan ƙwayar cuta ce ta shigo, kumburi alheri ne, domin sojojin jiki za su kashe ta su koma. Amma toka da ƙarfe ba su da rai, balle a kashe su. Sojojin sai su yi ta zuba makamansu a banza, makaman kuma su riƙa sauka a kan ƙwayoyin huhun da aka zo karewa. Da ɗan gari akan ci gari: mafi yawan ɓarnar da ƙura take yi, da hannun masu tsaron jiki take yinta.

Su ma 'yan shara ba su tsira ba. Suna haɗiye tokar, amma ba sa iya narkar da ita, sai ta zauna a cikinsu baƙi ƙirin. Ɗan sharar da ya cika cikinsa da toka kuwa ba ya da kuzarin kama ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ciwon namoniya ya fi kama yaran da ke zaune cikin hayaƙi. A 2006 likitoci a birnin Leicester na Ingila sun duba kakin yara masu ƙoshin lafiya, suka ga cewa yaron da 'yan sharansa suka fi ɗauke da baƙin toka, huhunsa ya fi rauni wajen fitar da iska.

Mataki na uku shi ne lalacewar bango. Ƙwayoyin da suka jeru kafaɗa da kafaɗa sai su fara rabuwa, wasu su mutu, 'yan gashi-gashin nan su rage kaɗawa, majina ta ƙaru, hanyar iska ta ƙuntata. Ga mai ciwon fuka, wato asma, wannan kaɗai ya isa ya tayar masa da ciwo. Kumburin kuma ba a huhu yake tsayawa ba, sinadaransa suna bin jini su taɓa zuciya da jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, kuma wajen kashi biyu cikin uku ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne suka kashe su.

Darasin wata masana'antar ƙarfe

Ɗaya daga cikin hujjojin da suka fi bayyana wannan al'amari an kammala haɗa ta ne a garin Chapel Hill, wajen kilomita 80 gabas da Greensboro, inda a lokacin Hukumar Kare Muhalli take da ɗakin gwaje-gwaje a harabar Jami'ar Karolina ta Arewa. Amma labarin ya faro ne daga nesa, a jihar Utah da ke yammacin ƙasar.

A wani kwari na jihar Utah akwai masana'antar ƙarfe mai suna Geneva Steel. Saboda taƙaddama tsakanin kamfani da ma'aikata, an rufe ta daga Agusta 1986 zuwa Satumba 1987. Wani malamin tattalin arziki na Jami'ar Brigham Young, Arden Pope, ya bi littattafan asibitocin yankin, kuma a 1989 ya bayyana abin da ya gano: yaran da ake kwantarwa saboda ciwon ƙirji a lokacin sanyi sun ninka biyu zuwa uku a shekarun da masana'antar take aiki, in aka kwatanta da shekarar da take rufe.

An yi sa'a, takardun tace iska da aka yi amfani da su wajen auna ƙurar kwarin a waɗannan shekaru ba a zubar da su ba. Masu bincike suka jiƙa su, suka tatso abin da ke jikinsu, suka zuba shi a kan ƙwayoyin hanyar iska ta mutum da ake rainonsu a ɗakin gwaji. Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna cewa ƙurar shekarar da aka rufe masana'anta ita ce mafi ƙarancin baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da tutiya, kuma ba ta sa ƙwayoyin yin kururuwar agaji kamar ta sauran shekarun biyu ba. A 2001 Andrew Ghio da Robert Devlin na ɗakin gwajin Chapel Hill suka ƙara mataki. Sun ɗiga ɗan kaɗan daga ruwan ƙurar a wani sashe na huhun mutum 24 masu lafiya da suka sa kansu, bayan awa 24 suka wanko wurin suka duba. Ƙurar 1986 da ta 1988 sun jawo kumburi da taruwar fararen ƙwayoyin jini, ta 1987 kuwa kusan ba ta yi komai ba, alhali nauyin da aka ɗiga wa kowa ɗaya ne. Ashe ba yawan ƙura kaɗai ne abin dubawa ba, har da abin da take ɗauke da shi.

Yau da gobe

Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Kumburin kwana ɗaya yakan warke, amma wanda ake maimaitawa shekara da shekaru yana barin tabo. Wani dogon bincike a kudancin Kalifoniya ya bi dubban yara daga shekara 10 zuwa 18. A 2007 ya nuna cewa huhun waɗanda gidajensu ba su wuce mita 500 daga babbar hanya ba bai kai girma da ƙarfin na waɗanda ke nesa da mita 1,500 ba.

Akwai kuma batun ciwon daji. Cibiyar binciken wannan ciwo ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Lyon a Faransa, ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi a 2012, a 2013 kuma ta ƙara da ƙurar iskar waje. A 2023 masu bincike na Cibiyar Francis Crick a Landan, ƙarƙashin Charles Swanton, sun bayyana wata hanya da hakan ke faruwa ga wanda bai taɓa shan taba ba. Yayin da mutum yake manyanta, wasu ƙwayoyin huhunsa sukan samu kuskure a sinadarinsu na gado, amma su zauna shiru ba tare da wata illa ba. Kururuwar da 'yan shara ke yi saboda ƙura ita take tashinsu daga barci su fara hayayyafa. Da aka toshe wannan sinadarin kururuwa a jikin ɓeraye, sai ƙarin ciwon da ƙurar ke jawowa ya ragu.

A ƙasar Hausa

Huhun ɗan Nijar da ke tuƙi a Wendover Avenue da na ɗan'uwansa da ya bari a gida iri ɗaya ne, sai dai ƙurar da suke shaƙa ta bambanta, kuma ta gida ta fi yawa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, wanda a zamanin da ƙasan wani babban tafki ne. Wani lokaci hazo yakan yi kauri har jiragen sama su kasa sauka a filin jirgi na Malam Aminu Kano. Wannan ƙurar ƙasa ce, ba ta inji ba, amma akwai mai laushi a cikinta. A 2020 masana daga Jami'ar Stanford sun haɗa bayanan haihuwa na ƙasashen Afirka da dama da na tashin ƙurar Bodele, suka ga mutuwar jarirai tana ƙaruwa a shekarun da ƙurar ta fi yawa.

A birane, kan wannan hazo ake ɗora hayaƙin manyan motoci da adaidaita sahu da janareto da bolar da ake cinna wa wuta. Amma hayaƙin da ya fi kusa da hanci shi ne na murhu. Matar da ke girki da itace ko kara a rufaffen madafi tana shaƙar toka awoyi da yawa kowace rana, goyon da ke bayanta ma haka, ga shi yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa kuma bai gama ginuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya jawo mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020.

Abin da za a iya yi

Labarin Greensboro ya nuna cewa iska tana gyaruwa. A 2002 jihar Karolina ta Arewa ta kafa doka wadda ta tilasta wa tashoshin lantarki masu ƙona kwal rage hayaƙinsu. Daga 2006 aka rage sinadarin farar wuta a man dizal na motoci a duk Amurka, daga 2007 kuma sababbin manyan motoci suka fara fitowa da matatar toka a salansa. A 2011 aka cire gundumar Guilford daga wancan jeri, ba tare da an rufe Wendover Avenue ko an hana mutane hawa mota ba. A Kalifoniya ma, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa yaran da suka taso bayan iska ta gyaru huhunsu ya fi na yayyensu girma. Da hujjoji suka ƙaru, a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar PM2.5 da take ba da shawara a kai, daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin shekara.

Hunturu ba ya jin doka, amma sauran hanyoyin suna hannun mutane. Girki a fili ko a madafi mai taga, da busasshen itace maimakon ɗanye, yana rage hayaƙi, murhun gas kuma ya fi duka. Janareto a ajiye shi nesa da taga da ƙofa. Rawani ko mayafi yana tare ƙura mai gautsi, amma mai laushi sai takunkumi irin na N95 wanda ya kama fuska sosai. Wanda ya fi bukatar wannan kulawa shi ne yaro, domin huhu yana ci gaba da girma har mutum ya kai wajen shekara 20, kuma abin da ya rasa a wannan lokaci da wuya ya samu daga baya.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka sa gundumar Guilford cikin jerin wuraren da iskarsu ba ta cika sharuɗɗa ba, alhali ba a ganin ƙura?
2. Waɗanne shingaye ne ke tare ƙura kafin ta kai ƙarshen hanyar iska?
3. Yaya karin maganar nan "da ɗan gari akan ci gari" ta dace da abin da ke faruwa a cikin huhu?
4. Mene ne bambancin ƙurar 1987 da ta 1986 da 1988 a kwarin Utah?
5. A kwatanta hanyoyin da ƙura ke fitowa a Greensboro da na Kano.